Gwajin hanta ya fito, ALT ya hau: ina zan fara?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Na karɓo sakamakon gwajin hanta, ALT 78, AST 52, duk an ja musu layi. Bilirubin da albumin kuwa lafiya lau. Sai mako mai zuwa zan ga likita, tun jiya barci ya gagare ni.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, ƙanwata. ALT da AST sinadarai ne da ke cikin ƙwayoyin hanta, in wani abu ya taɓa ta sai su zubo cikin jini. A yawancin ɗakunan gwaji iyakarsu wajen 40 ce, kin ga naki bai ma cika ninki biyu ba. Wanda ciwon hanta ya kayar farat ɗaya, nasa kan wuce 1,000. Bilirubin shi ne sinadarin da ke sa ido ya yi rawaya in ya taru a jini. Albumin kuma furotin ne da hantar ke yi, tunda ya fito daidai tana kan aikinta. Sai dai lamba ba ta faɗin dalili. Ki nemi a yi miki HBsAg da anti-HCV, gwajin ciwon hanta nau'in B da C ke nan, sannan hoton ciki.

Baban Gida: Wallahi ki bi maganar Anti. Ni ma haka nawa ya fara, ba ciwo ba komai, ashe B ne. Bayan wata 6 aka sake gwaji yana nan, aka auna yawan ƙwayar cutar, daga baya aka ɗora ni a kan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum. Iyalina duk an gwada su, an yi musu rigakafi, allura 3. Shi C ma warkewa ake yi, galibi mako 8 zuwa 12 na shan magani.

Autan Zaure: Akwai wani haɗin ganye na wankin hanta da ake yabawa sosai, in turo miki?

Anti Nas: A'a Auta, bar shi. Duk abin da aka haɗiya hantar ce ke tace shi, irin waɗannan haɗe-haɗen kansu suna ɗaga ALT. Mai laya kiyayi mai zamani.

Yaya Babba: Nawa kitse ne aka gani a hoto, ga ƙiba ga suga. Likita ya ce in rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyina. Ban kai ba tukuna (kada a yi min dariya), amma lambar ta sauka. Ki tafi da duk abin da kike sha a leda, har na ƙarin kuzari.

Maman Biyu: Kai, Yaya kin tuna min! Mako 2 ina shan farasitamol saboda haƙori, ga maganin mura, ga shayin rage tumbi.

Anti Nas: To kin gani. Duba kwalin maganin murar, sau da yawa da farasitamol a ciki, kuma babba bai kamata ya wuce giram 4 a rana ba. Ajiye shayin nan daga yau. In kika ga idonki ya yi rawaya irin na shawara, ko fitsari ya yi duhu, ko amai ya ƙi tsayawa, kada ki jira mako mai zuwa.

Maman Biyu: Na duba, akwai shi, miligiram 500. Na sa kwalin a jaka. Allah ya saka da alheri.