Neman shawara: manhajar WRF tana kawo ruwan damina da azahar maimakon yamma da dare

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin nazarin yanayi, kuma ina amfani da manhajar WRF, wadda ke lissafa yanayi a kwamfuta, wajen kwaikwayon damina tsakanin Kano da Yamai, daga Yuni zuwa Satumba. Manhajar tana raba taswira gida-gida, faɗin kowane gida a taswirata kilomita 12 ne, bayanan yanayin gefen taswirar daga ERA5, kundin bayanan yanayin duniya na baya, na ɗauko, na zaɓi tsarin Kain-Fritsch don lissafin tasowar hadari, WSM6 kuma don abin da ke faruwa a cikin girgije. Jimillar ruwan wata ba ta yi nisa da ma'aunin tashoshi ba, sai dai manhajar tana zubar da ruwa kaɗan-kaɗan kusan kullum da azahar, alhali hadarinmu daga gabas yake haɗowa da la'asar ko cikin dare, ya zo da iska da ƙura, ya zuba kamar da bakin ƙwarya, sannan a yi kwanaki ba a ga wani ba. Shin in sauya WSM6 da wani tsarin lissafin cikin girgije, Thompson ko Morrison, ne, ko kuwa matsalar tana wani wuri? Kwamfutar da nake da ita ba mai ƙarfi ba ce.

Amsar wani malamin jami'a:

Wa alaikumus salam, ɗalibi. Kafin ka taɓa WSM6, duba RAINC (ruwan da tsarin hadari ya bayar) da RAINNC (ruwan da lissafin cikin girgije ya bayar) a sakamakonka. Ina kyautata zaton za ka tarar yawancin ruwan daga na farkon ya fito, wato daga Kain-Fritsch. Irin wannan tsari yana duban kowane gida shi kaɗai, da zarar ƙasa ta ɗau zafi sai ya tayar da hadari, ya ƙarar da ƙarfin da ya kamata ya taru zuwa yamma, kuma ba ya miƙa hadarin ga gidan da ke maƙwabtaka. Ruwan Sahel kuwa manyan hadura masu tafiya daga gabas zuwa yamma, masu faɗin ɗaruruwan kilomita, su ke kawo shi, har binciken da aka yi a kewayen Yamai ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari nasu ne. Shi ya sa ruwan Yamai ya fi yawa gab da asuba, domin hadarin da ya taso da yammaci can gabas, wajen duwatsun Azbin, kwana yake yi a hanya. Shawarata ita ce ka sa ƙaramar taswira mai gidajen kilomita 4 a cikin babbar, ka kashe tsarin hadari a cikinta. Hukumar yanayi ta Birtaniya ta yi haka da nahiyar Afirka duka a kan kilomita 4.5, a aikin CP4-Africa, kuma lokacin ruwa da ƙarfinsa sun fi kusa da gaskiya.

Amsar wata ma'aikaciyar hasashen yanayi:

Na yarda da Malam, amma ƙanena, da ka kashe wancan tsari nauyin zai koma kan lissafin cikin girgije. Sanyayyar iskar nan da ke kaɗa ƙofofi da ƙura kafin ɗigon farko, ruwa ne da ya ƙafe a busasshiyar iska tun bai kai ƙasa ba, ya sanyaya ta, ta faɗo ta bazu. Ita ce ke ɗaga iska mai ɗumi da laima a gaba, sabon hadari ya haɗu, tafiyar ta ci gaba har cikin dare. Yawan ƙafewar ya danganta da girman ɗigo, ƙanana sun fi saurin ƙafewa. WSM6 nauyin ruwa kaɗai yake lissafawa, Thompson da Morrison kuwa suna lissafa adadin ɗigon ruwa ma, don haka ƙarfin iskar da faɗin yayyafin da ke bin bayan hadari za su bambanta. Sai dai ka sani, saukowa daga kilomita 12 zuwa 4 yana ninka aikin kwamfuta kusan sau 27 a fili ɗaya. Ka ɗauki Agusta kaɗai, lokacin marka, ya fi maka damina guda da ba za ta ƙare ba.

Amsar wani mai digiri na uku:

Ɗan'uwa, idan kwamfutar ta gaza ko da wata ɗaya, ka zauna a kilomita 12 ka gwada sabon tsarin Tiedtke, wanda ya samo asali daga ECMWF, cibiyar hasashen yanayi ta Turai, kuma aka yi masa gyara don jinkirta hadari zuwa yammaci. Ba zai ba ka hadari mai tafiya yadda ya kamata ba, amma lokacin zai matsa. Ka riƙa sauya abu ɗaya a kowane gwaji, kada ka taɓa tsarin iskar kusa da ƙasa a lokaci guda, domin shi ma yana matsar da layin ruwan damina arewa ko kudu. Jimillar wata ba hujja ba ce, tunda yayyafin kullum da manyan hadura 'yan kaɗan suna iya ba da adadi ɗaya; ka auna da IMERG, ma'aunin ruwa na tauraron ɗan adam mai bayar da adadi kowane rabin sa'a, domin takwaransa CHIRPS na kwana guda ne. Sannan ka tura gefen gabas na ƙaramar taswirar har cikin Chadi, don haduran su sami filin haɗuwa kafin su iso Kano.