Reshen lichi ya ƙi yin saiwa, ko hodar ce jabu?

Baƙon Dehradun:
Salam jama'a, dan Allah masu harkar lambu ku agaza min. Ina karatu a Dehradun nan Indiya, gidan da nake haya akwai tsohuwar bishiyar lichi a tsakar gida (wanda bai san shi ba, ɗan itace ne, girmansa kamar goro, ɓawon ja mai ƙurji-ƙurji, cikin fari ga ruwa ga zaƙi). Maigidan ya ce in ina so in yi abin da suke kira guti, wato a ɓare ɓawon reshe a ɗaure wurin da leda har ya yi saiwa yana jikin uwarsa. Farkon Yuli bayan an gama tsinke 'ya'ya na ɗaura guda 6, na sayo hodar saiwa mai IBA (sinadarin da ke taimaka wa reshe fitar da saiwa) na zuba sosai ban yi rowa ba. Sati 7 na kwance, huɗu ba ko saiwa ɗaya sai wani ƙullutu, ɓawon ya koma ya haɗe kamar ban taɓa sa wuƙa ba. Biyu sun yi 'yar farar saiwa na yanke na dasa a bokiti, kwana 5 ganye ya zube kaf. Hodar ce jabu ko ni ne?

Mai Lambun Gwaiba:
Wslm ɗan uwa. Kar ka ɗauki alhakin mai shago, tunda ka ce ɓawo ya haɗe na gane inda gizo ke saƙar. Ni ban taɓa yi wa lichi ba amma gwaiba da lemo na yi ba adadi kuma hanyar ɗaya ce. In ka cire ɓawo akwai wani santsi-santsi da ke manne a jikin icen, wannan shi ne ke sake gina ɓawo, in ba ka kankare shi tas ba reshen warkewa kawai zai yi, abincin da ganye ke haɗawa ya ci gaba da gangarawa wajen uwa, to me zai sa ya wahalar da kansa yin saiwa? Ka nemi reshe mai kaurin yatsa wanda ke samun rana, ka zagaye shi da kaifi sau biyu tsakaninsu kamar santimita 3, ka ɓare, ka kankare da bayan wuƙa har icen ya daina sulɓi a hannu. Wasu ma barinsa suke ya sha iska kwana biyu uku kafin su ɗaure. Ita kuma hoda a leɓen yankan na SAMA ake shafawa don nan saiwa ke fitowa, kuma kaɗan, ba yajin tsire ba ne.

Ɗan Kasuwar Guangzhou:
Gaskiya Malam ya faɗa. Nan kudancin Sin ne asalin lichi kuma da wannan ɗaurin aka daɗe ana yaɗa shi, tun ba a san wata IBA ba, ita hodar saurin fitowa da yawan saiwar kawai take ƙarawa. Biyun da suka mutu kuwa gaggawa ce ta kashe su. Farar saiwa danya ce, ka jira sai ta cika ledar ta fara komawa ruwan ƙasa-ƙasa, wata 2 ko sama da haka. Kana yankewa ka rage ganye fiye da rabi don 'yar saiwar ba za ta iya shayar da su duka ba, ka zare leda a hankali kar ka taɓa dunƙulen, saiwar lichi karyewa take kamar taliya. Sai inuwa da yayyafi safe da yamma na wasu makonni. Me ka cusa a ledar ma tukuna?

Baƙon Dehradun:
Ƙasar tsakar gida na kwaɓa. Kuma wlh da zan dasa sai da na wanke saiwar a famfo wai in ga yawanta 🤦🏾‍♂️

Ɗan Kasuwar Guangzhou:
Innalillahi, ai kai ka yi musu wankan gawa da kanka. Nemi gansakuka ko garin ɓawon kwakwa, ka jiƙa ka matse a hannu har ruwa ya daina ɗiga, ka ɗaure sama da ƙasa tam kar ruwan sama ya shiga ya ruɓar.

Maman Biyu:
Ni kam tambaya, duk wannan wahalar me ya hana a shuka ƙwallon kawai? Kuma zai yi a Kano?

Mai Lambun Gwaiba:
Hajiya na ƙwallo yakan kai shekara 10 bai haihu ba, in ya haihu ma ba lallai ya biyo uwar a zaƙi ba, na ɗauri kuwa shekara 3 zuwa 5. Aibinsa dai ba shi da doguwar saiwar nan mai nutsewa, sai an kafa masa sanda saboda iska. Kano kuma ni ba zan sa kuɗina ba, bishiyar sai ta sha sanyi na makonni kafin ta yi fure, ga zafin Afrilu mai ƙona ganye. Da Jos kika ce ko Mambila da na ce a gwada.

Baƙon Dehradun:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Santsin nan fa na gan shi ƙuru-ƙuru, har lallaɓa shi na yi kar in goge wai a tunanina shi ne ran reshen. Damina ta kusa ƙarewa nan, maigida ya ce in bari sai Yuni mai zuwa, kuma reshe uku kawai zai ba ni wannan karon.