Ina jiran 1 ga Janairu in koma rubutu, ko dai yaudarar kaina nake?

Ummin_Baba — Talata, 23 ga Disamba

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo, yau kwana huɗu ban yi magana da kowa baki da baki ba sai mai shagon ƙasan gidanmu, shi ma sannu da na gode ne kawai.

Ina Manchesta ina digiri na biyu, a watan Satumba na zo, wannan ne sanyina na farko a Ingila. An ba mu hutun Kirsimeti, 'yan gidanmu duk sun watse, biyu sun tafi wajen iyayensu ɗayar 'yar Indiya ce ta tafi Landan wajen yayarta, aka bar ni ni da hita da ƙarar firij. Gari ba ya wayewa sai takwas da kusan rabi, ka yi azahar sha biyu da 'yan mintuna, kafin ka gama wanke kwano la'asar ta yi wajen biyu saura, huɗu saura minti goma kuma an sha ruwa duhu ya rufa, wlh ranar farko da na ga haka sai da na duba agogo sau biyu, mu da muka saba a Kano magariba sai shida ta gota ko a tsakiyar hunturu. Dare ne dai ga shi nan tuli guda ba ka san inda za ka kai shi ba.

To ga abin da ya kawo ni. Ni marubuciya ce, irin namu na waya, WhatsApp da Wattpad. Na gama littafi biyu kyauta, na ukun na kuɗi ne naira ɗari biyar, na kai feji 31 Baba ya rasu, bara war haka. Tun daga ranar ban ƙara taifin ko layi ɗaya ba. Waɗanda suka nemi kuɗinsu na mayar musu, sauran suna nan a guruf ɗin shiru, wani lokacin wata ta ajiye sallama ta fita. Baba tela ne amma yana da 'yan yara da yake biya wa karatu a zaure bayan asuba, shi ya fara riƙe hannuna da alƙalamin kara a kan allo. Sau da yawa yana tarar da ni cikin dare ina latse-latse ya ce Ummi me kike ta rubutawa haka, in ce aikin makaranta ne Baba, ya ce Allah Ya yi albarka ya wuce. Har ya koma ga Allah bai san labarin soyayya nake rubutawa ba. Ba batsa nake ba Allah Ya sani, amma ƙaryar nan ta tsaya min a wuya.

Yanzu a nan ko'ina ka juya maganar sabuwar shekara ake, sabon shafi, sabon kaza, har ni ma na je na sayi littafin rubutu mai bango ja na ce ranar 1 ga Janairu zan fara. Yana nan a leda ban buɗe ba. Tambayata biyu ce. Akwai laifi a addini in ɗaura niyyata da sabuwar shekarar da ba tamu ba? Sannan waɗanda suka taɓa ajiye rubutu shekara guda, ta ina kuka kamo bakin zaren?

Abu_Sumayya — Talata

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. 'Yar'uwa mu idinmu biyu ne, ƙaramar sallah da babba, shekararmu kuma daga Muharram take farawa, muna 1447 yanzu. Ki bar musu Janairunsu. Shawarata kuma in za ki koma rubutu ki koma na abin da zai amfane ki a kabari.

Malamin_Firamare — Laraba, 24 ga Disamba

Malam Abu Sumayya a yi mata a hankali, yarinyar nan ba ta ce za ta je casu ko wasan wuta ba, littafin rubutu ta saya. Ni da kai da wane kalanda ake biyanmu albashi? Da wanne muke biyan kuɗin haya, da wanne yara ke komawa makaranta? Ƙidayar kwana daban, ibada daban. Ita kanta ƙidayar Hijira ai a zamanin Sayyidina Umar aka tsara ta, don a daina rikicewa wajen kwanan watan takardu, ba a zamanin Annabi (SAW) ba. Hukunci dai na malamai ne, ni malamin aji huɗu ne, amma ban ga inda sa wa kai ranar fara aiki ya zama biki ba.

Ummi 'yata, ni abin da ya dame ni da maganarki ba Janairun ba ne, jiran ne. Yau 24, me zai faru tsakanin yau da 1 ga wata da zai sa hannunki ya saki? In ranar ta zo kika kasa, sai ki ce to bari azumi ya wuce tunda ga Rajab ya kama saura wata biyu, in ya wuce ki ce bayan sallah, daga nan sai Muharram. Na san hanyar nan don na bi ta, shekara shida ina cewa zan koma haddar da na ajiye a izu ashirin, kullum sai sabon wata ya kama.

Ke da kika tashi a zaure ki tuna yadda Baba yake yi da yaransa. Yaro ya biya, aka ga ya zauna, a ce je ka wanke. Ba a duba kalanda. Ya je bakin rijiya ya wanke allon ya jingina a rana, ya bushe a ɗora masa na gaba, wani ma da sauran inuwar tsohon rubutun a jiki haka za a rubuta a kai. Hadisin nan na Bukhari da Muslim kin san shi, aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Layi biyar bayan asuba. Ke da asubarku ma sai shida ta wuce, mu nan biyar da rabi muna ta fama da ruwan buta kamar ƙanƙara, ƙafa duk faso.

Maganar ƙaryar da kika yi masa kuwa, ki yi istigfari ki yi masa addu'a ki yi masa sadaka. Amma a matsayina na uban 'yan mata huɗu bari in gaya miki, tela da ke zaune a unguwa mata na shiga da fita shagonsa, da wuya a ce labari bai kai masa ba. Mu iyaye muna tambaya ne wani lokacin alhali mun sani.

Anti_Laraba — Laraba

Ƙanwata sannu, Allah Ya ba da haƙuri. Ni Kirista ce, 'yar Wusasa ta Zariya, nas ce ni a nan Ingila shekarata takwas, gobe ma ina kan aiki tun bakwai na safe, Kirsimeti na huɗu ke nan da zan yi a asibiti.

Bari in fara da abin da na fi sani. Rabin nauyin da kike ji a ƙirji na rashin Baba ne, amma kada ki raina na rashin rana. Hukumar lafiyar ƙasar nan da kanta tana ba da shawara kowa ya riƙa shan bitamin D maikirogiram 10 kullum a watannin sanyi, mu masu baƙar fata ma cewa suka yi mu duba yiwuwar sha duk shekara. Yana nan a kowane kemis ba tsada. Kuma ki fita da rana tsaka ko na minti ashirin ne, ko ana yayyafi, ki sa jaket ki zaga ki dawo. In kika ga mako biyu ya wuce ba barci ba cin abinci ba kya son tashi daga gado, ki kira likitanki, ba rashin imani ba ne. Shekarata ta farko haka na yi ta kuka a banɗakin wajen aiki ina zaton aljanu ne suka biyo ni daga gida. Sannan ki sayi abincinki yau, gobe ba jirgin ƙasa, bas ma kusan babu, manyan shaguna doka ce ta hana su buɗewa, sai dai ƙananan shagunan 'yan Pakistan na wajen Rusholme.

Game da sabuwar shekara, mu a gida daren 31 a coci muke yinsa, ana waƙoƙi da Hausa ana ba da shaida har sha biyu ta buga a rungumi juna. Mamanmu tana da wata al'ada, kafin mu tafi sai ta ba kowa takarda ta ce ya rubuta abin da ya gode wa Allah a kai, da wanda ya ɓata wa rai a shekarar, ta ce wanda ke raye a je a same shi kafin gari ya waye. Shekarar da ta rasu na zauna da takardar na rasa wa zan je in samu tunda ita ce a kai. Sai na rubuta mata wasiƙa kawai. Mama kin tuna kaza, Mama na ɓoye miki kaza. Shafi tara. Ban nuna wa kowa ba, yana cikin Littafi Mai Tsarki nata na Hausa da na taho da shi, wajen Makoki sura 3 inda aka ce jinƙansa sabo ne kowace safiya, ita ta ja layi a wajen da jan biro ba ni ba.

Ban ce ki yi irin namu ba, kowa da hanyarsa. Amma ina ganin kamar ba feji 32 ne ke jiranki ba tukuna.

Hadiza_Maradi — Laraba da dare

Kai jama'a!! Ummin Baba ashe ke ta? Wallahi ina cikin guruf ɗin, ni ce mai aje sallama in hita 😭 ban amshi kuɗina ba kuma ba ni amsa, sai da na bi ta wajen mai canji a kasuwa ya maida min sefa naira kahin in samu in biya, a ce duk wannan wahala a bar mu amarya na cikin mota ba a kai ta ba? Shekara guda tana cikin mota baiwar Allah, ko mai ya ƙare ai an samu na bumburutu.

Wasa nike, Allah Ya jiƙan Baba Ya sa ya huta. Mu nan Nijar bonane, wato sabuwar shekara, ba ta dame mu ba, yara ne ke ta harba abin wasan wuta, hutunmu na gaske na 18 ga Disamba ne ranar Jamhuriya shi ma ya wuce. Ki ɗauki lokacinki. Amma malam na sama da ya ce ki rubuta abin da zai amfane ki, ni dai a littahinki na biyu na koyi yadda ake wankan janaba daidai, ina da aure shekara ukku lokacin, kunya ta hana ni tambayar kowa. To ban san mi ake kira amfani ba in ba wannan ba.

Abu_Sumayya — Alhamis, 25 ga Disamba

Ban ce ta yi haram ba, nasiha na yi. In akwai irin wannan a ciki to alhamdu lillah, Allah Ya ƙara. Janairun ne dai har yanzu ban ga dalilinsa ba.

Ummin_Baba — Alhamis

Na gode ƙwarai, na karanta duka har sau uku. Malam Abu Sumayya ka kwantar da hankalinka, Janairun ta sha ruwa, na yage ledar jiya.

Yau na tashi da azumi tunda Alhamis ce kuma ina da ramuwa uku, azumin awa tara da rabi wlh har kunya nake ji in kira shi azumi. Bayan asuba na zauna da jan littafin. Anti Laraba ban iya rubuta masa kai tsaye ba, na sa "Baba" a saman shafi na kai minti ashirin ina kallonsa sai na tsallake layi na fara rubuta kekensa kawai, baƙin nan mai tambarin malam buɗe littafi, yadda yake ɗiga masa mai da wata 'yar kwalba mai dogon baki, da tsumman atamfa da yake ɗaurewa a jikin ƙarfen yana soke allurai, da yadda a irin wannan watan ɗinkin biki ke yi masa yawa ya kwana yana taka shi da safa a ƙafa da hular sanyi a ƙarƙashin hularsa. Shafi biyu da rabi. Rubutun hannuna ya lalace kamar na ɗan aji uku.

Baba Malami maganarka ta hana ni sukuni sai da na kira Umma na tambaye ta ko ya sani. Ta yi dariya har da tari, ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma wa nake zaton yake ba Sadiyar gidanmu kuɗin data duk ranar da na saki sabon feji, ita kuma ta zauna a bakin shago tana karantawa da ƙarfi wai ƙawarta take karanta wa a waya. Na kashe wayar na yi kukan da ban yi ba ranar uku.

Hadiza amaryarki ta ƙara haƙuri a motar, ban yi alƙawarin rana ba. Kuma ni ma na manta sunan ƙanwar angon, in kina da feji 20 zuwa 31 a wayarki ki turo min ta bayan fage, nawa suna tsohuwar wayar da na bar wa Sadiya a Kano. Bari in je in ɗora ruwan shayi, saura minti goma sha biyu a sha ruwa.