Abin da aka tsayar kan jinyar tsoho a gida

A zaman da ma'aikatan lafiya suka yi da masu jinya a karkarar Jigawa, gyambon kwanciya ne ya fi cin lokaci. Tsohon da ba ya iya motsawa, a riƙa juya shi duk bayan awa 2, dare da rana. A duba ƙugu, diddige da ƙashin gindin baya. Jan fata da bai gushe ba bayan an juya shi, gyambo ne ke tafe. Kada a kwantar da shi kan leda tsirara, gumi da fitsari ke cin fata. A shimfiɗa zane busasshe a kai.

Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa, a zaunar da shi kafin a ba shi abinci, bayan ya ci ya ƙara minti 30 a zaune. Ruwa tsululu ya fi kunu mai kauri saurin sarƙe shi, kuma abin da ya faɗa huhu kan jawo ciwon nimoniya.

Maganin hawan jini ba a dainawa don an ji sauƙi.

Sai mai jinyar, wadda galibi suruka ce ko 'ya. A raba kwana tsakanin 'yan'uwa ta samu barci. Na birni su ɗauki kuɗin magani duk wata, "sannu da ƙoƙari" ta waya ba ta sayen sabulu.