Akwai wanda ya taɓa sa AI yana amsa masa ƙorafin kwastomomi?

Maman Iman:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina saida atamfa da leshi ta WhatsApp, a Kwari nake sarowa ina turawa Kaduna, Jos, Abuja har Maraɗi. To wallahi ƙorafi ya kusa haukata ni, wannan ta ce kalar ba irin ta hoto ba ce, waccan ta ce direba bai kira ta ba kaya na tasha kwana biyu, wata sha biyun dare za ta turo saƙo in ban amsa ba da safe in tarar ta sa ni a status. Ƙanina ya ce a haɗa min ChatGPT, wato manhajar AI ɗin nan da ke amsa saƙo kamar mutum, ya dinga amsa musu da kansa. Anya kuwa?

Abban Sadiq:
Wa'alaikis salam Hajiya. Ni data nake saidawa kuma ina amfani da shi, amma ban taɓa sakar masa ragama ba. In kwastoma ya zazzaga min masifa sai in kwafe saƙon in ce ya tsara min amsa mai sanyi, in karanta in gyara sannan in tura, don ni in raina ya ɓaci ban iya baki ba. Hausar tasa dai sai a hankali, wani lokacin kamar mai karanta labarai a rediyo. Sannan ki dinga goge suna da lambar waya da ta asusun banki kafin ki saka masa.

Injiniya_Zariya:
Abin tsoron shi ne alƙawari. Abin nan in bai sani ba ba ya shiru, ƙirƙira yake. Haka ta faru da Air Canada, kamfanin jiragen sama na ƙasar Kanada, wani mutum kakarsa ta rasu ya tambayi na'urar da ke amsa tambayoyi a shafinsu na intanet, ta ce ya sayi tikiti kawai daga baya ya nemi rangwamen masu zuwa jana'iza cikin kwana 90, alhali dokar kamfanin ba haka take ba. Da aka je gaban hukuma sai kamfanin ya ce ai na'urar ce ta faɗa ba su ba, aka ce ba a san wannan ba, a Fabrairun 2024 aka sa suka biya shi. To ke ranar da zai ce wa wata "za a mayar miki da kuɗinki gobe" ta ɗau hoton saƙon, ya za ki yi?

Ummu Khairat:
Hmm ni a matsayin mai saye nake magana. Anko na biki saura kwana uku, kaya ba su zo ba, na yi saƙon murya na minti huɗu har muryata na rawa, sai kawai a turo min "mun fahimci damuwarki" cikin daƙiƙa ɗaya? Ai ƙara tunzura ni za a yi. Kira ɗaya ki ce "Anti yi haƙuri, yanzu na yi magana da direban yana Kwanar Dangora" ya wadatar da ni.

Maman Iman:
Allah ya saka da alheri. Zan gwada irin na Abban Sadiq, maganar kuɗi da canjin kaya kuma ni da kaina. Na dare fa, ya zan yi da su?

Abban Sadiq:
Wannan ba sai AI ba, WhatsApp Business na da saƙon da ke fita da kansa in ba kya kusa, ki saita masa lokaci ki rubuta za ki amsa ƙarfe takwas na safe. Amma fa takwas ɗin ta yi ki amsa.