Ƙanena ya yi zane a katangar maƙwabci, yanzu ana maganar caji ofis

Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ƙanena ne, yaron da zane ya shiga jininsa, ya ɗauki fenti cikin dare ya je ya zana mahayin doki irin na hawan sallah a katangar wani Alhaji maƙwabcinmu nan Tudun Wada, ba zagi ba batsa, zanen ma wallahi ya yi kyau har mutane na tsayawa ɗaukar hoto, amma dai bai nemi izini ba kuma katangar ba tamu ba ce, wannan kam ban ja ba.

Alhaji ya rantse sai yaro ya kwana a sel, ya ce ai shi bai ma yarda da zanen abu mai rai a gidansa ba. Mai unguwa ya sa baki, muka ce za mu sayi fenti yaron ya shafe da hannunsa ya ba da haƙuri, Alhaji ya ƙi, wai sai ya zama izina ga sauran. Ni abin da ke ci min rai, wannan katangar fa a zaɓen 2023 'yan siyasa sun cika ta da fosta da rubutun "sai wane", ba wanda ya kai su ko'ina. Kuma Zariya ce fa, inda ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zaria Art Society tun 1958, ƙanen nawa ma sashen zane na jami'ar ABU Samaru yake son shiga.

Masu sanin doka, in aka je kotu ɓarnar dukiya za a kira shi? Tara ce ko ɗauri, kuma zai taɓa masa takardu? Sannan wa ya fi dacewa mu tura wajen Alhaji, liman ko mu koma wajen mai unguwa?