Yadda labarin ƙoƙarin 'ya'yanmu na kolej yake isowa gida a Damagaram

Mamba a kwamitin iyayen ɗalibai, Sabon Gari:

Assalamu alaikum, iyaye da malamai. Ina cikin kwamitin iyayen ɗalibai na wata kolej ta gwamnati a nan Damagaram, kuma a zamanmu na baya an ɗora mini nauyin shirya ranar karrama yaran da suka yi ƙoƙari, kafin a tafi babban hutu na damina. Da na zauna tsara abin, sai na lura cewa ban san yadda labarin sakamako yake shiga gidajen mutane ba. Na san yadda yake shiga nawa gidan, domin na yi lakwal, ina karanta takardar da kaina. To amma yawancin iyayen da muke wakilta ba su samu wannan damar ba. Saboda haka ina roƙon duk wanda yake da yaro tsakanin ajin siziyem da na turwaziyem, wato daga ajin farko zuwa na ƙarshe na kolej, ko wanda ya taɓa zama a waɗannan azuzuwa, ya ba mu labarin abin da ya faru da shi: wa ya kawo masa labarin, da wane harshe, me aka yi wa yaron, kuma me ya biyo baya a gida.

Baduku, unguwar Birni:

Wa alaikumus salam, Malam. Ɗan ƙanena ne yake rubuta mini wannan, ni ina faɗa masa. Na yi karatun allo har na sauke, ina rubuta ajami, amma Faransanci ban san ko harafi ɗaya ba. Yarinyar da zan yi maganarta 'yar fari ce a wurina, kuma kun san al'adarmu, ko sunanta ba na kamawa, balle in zaunar da ita in yi ta yabonta a gaban mutane. Shekara biyu tana kawo mini takardar sakamakon da suke kira bilten, ni kuwa tambayata ɗaya ce kullum: an wuce? Ta ce an wuce, in ce madalla, in sa hannu inda ta nuna mini, uwarta ta karɓa ta jefa cikin adaka.

Wata rana wani yaron maƙwabtanmu da yake karatu a Jami'ar André Salifou ya shigo gaishe mu, aka ɗauko takardun domin ana neman takardar haihuwarta a cikinsu. Ya tsaya a kan bilten ɗin ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce mini: Baba, ka san wannan yarinya ita ce ta biyu a ajin da ya haura mutum tamanin, kuma sau uku ke nan ana rubuta mata yabo a ƙasan takarda? Wallahi jikina ya yi sanyi. Na tuna ranakun da ta tsaya a ƙofar zaure bayan na sa hannu, kamar tana jiran wata magana, ni kuwa na koma kan fatata ina yanka. Daga baya gwaggonta ta gaya mini cewa yarinyar ta ɗauka karatun nata bai dame ni ba.

Abin da na iya yi shi ne abin da hannuna ya sani. Na zaɓi jar fata mai kyau, na yi kwana tara ina ɗinka mata jakar littattafai da adon da muke yi wa manyan baƙi, na ba gwaggonta ta kai mata tare da saƙon cewa na ji, kuma na gode. Har yanzu da ita take zuwa makaranta. Roƙona gare ku, Malam, shi ne a samu wanda zai karanta mana takardar nan da Hausa ranar da aka raba ta, domin da an yi haka tun farko, da ban yi shekara biyu ina zaluntar 'yata ba tare da na sani ba.

Mushe mai koyar da lissafi:

Baba, maganarka ta taɓa ni, kuma laifin ya fi karkata gare mu malamai. Bari in yi bayanin takardar a taƙaice domin amfanin sauran iyaye. Kowane darasi ana ba da makinsa bisa 20. Darussan ba nauyinsu ɗaya ba: Faransanci da lissafi sun fi sauran nauyi, don haka ana ninka makinsu kafin a haɗa jimla a raba, abin da ya fito shi ne muwayen. Wanda ya kai 10 bisa 20 ya kai rabin da ake nema. Kusa da muwayen akwai matsayin yaro a aji, a ƙasa kuma akwai abin da majalisar malamai ta ce a kansa, ko yabo, ko ƙarfafa gwiwa, ko gargaɗi a kan aiki ko a kan hali. Uban da ya san waɗannan wurare uku a takarda ya san kusan duk abin da take ɗauke da shi.

Abin da na gani da idona kuwa shi ne wannan. Akwai shekarar da na riƙe ajin sankiyem, na kira iyaye ranar Asabar da safe, na karanta sakamakon kowane yaro da Hausa, uba ko uwa na zaune kusa da ni, ba a bainar jama'a ba. Mun kai azahar ba mu gama ba, kuma babu wanda ya biya ni ko dala. Amma a wannan rana na gano yara huɗu da suke gaya wa iyayensu sun wuce alhali suna kan hanyar maimaita aji, na kuma gano wani yaro da ubansa yake dukansa saboda ya ji an ce ya samu 13, shi kuwa uban a zatonsa bisa 100 ake lissafi. Tun watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka ban ga dalilin da zai sa mu ci gaba da yi wa iyayen Damagaram bayanin 'ya'yansu da harshen da ba sa ji ba.

Game da kyauta, ina da ƙorafi ɗaya a kan yadda muka saba. Na ɗaya da na biyu da na uku su ne ake kira kowace shekara, kuma sau da yawa yaran nan uku su ne dai tun daga siziyem har su fita. Yaron da ya fi ba ni mamaki a duk aikina ya taso ne daga 7 ya kai 11 cikin shekara guda, yana taya ubansa tura baro a Kasuwar Dole bayan an tashi. Ba a taɓa kiran sunansa a gaban kowa ba.

Uwa, mamba a ƙungiyar iyaye mata masu kula da karatun yara, Garin Malam:

Mushe, Allah ya saka maka da alheri. Ni zan yi magana a kan 'yan mata, domin duk wanda ya zauna a garin nan ya san sakamakon 'ya mace yana ɗaure da maganar ruwa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya tsananta famfo ya ɗauke, 'yata takan tashi tun kafin asuba ta bi layi da jarkoki, ta dawo ta yi wanka a gurguje ta tafi aji tana gyangyaɗi, kuma a daidai wannan lokaci ne ake tunkarar jarrabawar ƙarshen shekara. A katiriyem makinta ya faɗi, na yi ta faɗa ina cewa wasa ya yi mata yawa, sai wata madam daga makarantarsu ta zo har gida ta tambaye ni ƙarfe nawa yarinyar take kwanciya, ƙarfe nawa take tashi. Na rasa abin da zan ce mata.

A shekarar turwaziyem na ɗauke mata ɗiban ruwa gaba ɗaya. Na riƙa sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa daga kuɗin ƙosan da nake soyawa, ƙannenta maza kuma suka karɓi abin da ya rage, duk da gunagunin da suka yi. Ta ci BEPC, jarrabawar kammala kolej, a karo na farko. Ranar da labari ya zo, matan gidanmu da na maƙwabta suka cika tsakar gida da guɗa kamar ana kai amarya, kakarta ta rungume ta tana kuka. Na so a yi haka da gangan, domin 'yan matan unguwa su ga cewa ana yi wa mace guɗa a kan takarda ma. Gwamnati ta fitar da doka a watan Disamba na 2017 domin kare karatun 'ya mace, amma a cikin gida uwa ce take yanke wa zai ɗebo ruwa. Idan za ku ba da kyauta, Malam, ku ba 'yan mata fitila mai aiki da hasken rana maimakon turmin zane, kuma ku kira uwar ta tsaya kusa da 'yarta a lokacin da ake miƙawa.

Tsohon ɗalibi, yanzu ma'aikacin jinya:

Ni ɗan ƙauye ne daga yankin Mirya, an kawo ni birni na zauna wurin wani aminin mahaifina domin babu kolej kusa da mu a wancan zamani. Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar bayyana sakamakon BEPC. Mun taru a harabar cibiyar jarrabawa tun da rana, ɗalibai da iyaye da masu sayar da ruwan sanyi, shugaban masu gyaran takardu ya fito da jerin sunaye ya fara kira. Duk sunan da aka kira sai ka ji ihu daga wani lungu, wanda kuma aka tsallake lambarsa sai ka ga ya dafe kai, yana sauraron ko zai fito cikin waɗanda za a ba dama ta biyu. Da aka kira nawa na waiga hagu da dama, babu wani nawa a wurin. Maigidan da nake zaune wurinsa yana kasuwa, iyayena suna gona domin shuka ta riga ta kankama.

Sai ranar Alhamis, ranar kasuwa, na samu wani direban garinmu na ba shi saƙo. Bayan kwana biyu mahaifina ya aiko mini da zabo biyu da jika ɗaya a ƙulle cikin tsumma. Na san abin da jika ɗaya take nufi a gidanmu a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa. Ban kashe ta ba sai da aka koma makaranta a watan Oktoba, na sayi kaye, wato littafin rubutu, da bik da ita.

Mahaifi, Karkada:

Ni abin da na gani bai yi mini daɗi ba, kuma gara in faɗa domin kada a maimaita. A makarantar da ɗana yake an gayyace mu bikin ba da kyauta da ƙarfe tara, manyan baƙi ba su iso ba sai wajen sha ɗaya, suna cikin rumfa, yara suna cikin rana. Jawabai suka cinye lokaci, duka da Faransanci, aka raba kyautar cikin gaggawa mutane suna watsewa. Ɗana ya zo na uku, aka kira shi, aka ce littattafansa suna hanya. Shekara ta zagayo ba su iso ba. Yaron ya daina tambaya, amma na lura a shekarar da ta biyo baya ya ƙi gaya mini ranar bikin. Idan kuɗinku na kaye biyar ne, ku ba da kaye biyar a hannu a ranar.

Hajiya mai riƙon 'yan makaranta, Zango:

Yara uku ne a gidana yanzu, biyu daga wajen Magarya, ɗaya daga wajen Kance, kuma labarin da tsohon ɗalibin nan ma'aikacin jinya ya bayar shi ne labarinsu. Duk takardar da makaranta ta aiko a hannuna take tsayawa, iyayensu ba sa gani. Abin da nake yi shi ne in sa jikata ta karanta mini, in ɗauki murya da Hausa in tura ta WhatsApp ga wani mai shago a ƙauyensu, shi kuma ya kunna wa uban idan ya zo sayayya. Wani uba ya aiko a gaya mini cewa ya sa an kunna masa muryar sau biyar, a gaban abokan hirarsa. Amma ɗaya ƙauyen ba a samun layin waya sai an hau tudu, don haka rediyo ya fi isa can. Da kwamiti zai kai sunayen yaran da aka karrama gidan rediyo a karanta da Hausa bayan labarun yamma, tare da sunan uba da na ƙauye, da labarin ya kai inda takarda ba ta zuwa.

Mamba a kwamitin iyayen ɗalibai, Sabon Gari:

Na gode muku duka, na kuma kwafe kowace magana a littafina. Ga abin da zan kai gaban kwamiti da darakta a zamanmu na gaba. Za mu roƙi malaman da suke riƙe da azuzuwa su ware safiyar Asabar ɗaya ta yi wa iyaye bayanin bilten da Hausa, kowa shi kaɗai, kwamiti ya ɗauki nauyin abincinsu da man baburansu. A kowane aji za a kira ukun farko, a ƙara da yaron da ya fi kowa tasowa daga inda ya fara. Za a fara da ƙarfe takwas ko baƙi sun iso ko ba su iso ba, yara a inuwa, kuma ba za a ambaci kyautar da ba ta kan tebur ba. Maganar rediyo zan je da kaina in tambayi kuɗin sanarwa.

Abu ɗaya ya rage mini da ban yanke ba. Wasu a kwamiti suna so a faɗi makin kowane yaro da aka kira, ni kuwa ina tsoron idan aka ce wane ya samu 17, wane kuma 11, karramawar na biyun za ta koma abin kunya a gaban 'yan ajinsa. Mushe, kai da ka san yaron nan mai tura baro, ina so ka gaya mini wanne zai fi so a faɗa a kansa, kafin ranar Laraba da za mu zauna.